Yadda ake gane tsohon zanen kifin teku na asali, da yadda ake adana shi

Kafin zuwan kyamara, masu nazarin halittu a Turai da zane suke nuna wa jama'a kamannin kifin teku. Mai zane ya zana kifin a takarda, masassaƙi ya tsaga layukan zanen a kan farantin jan ƙarfe, a cusa tawada cikin tsagogin, a goge saman farantin tas, a ɗora takarda mai danshi, sannan a bi da su ta cikin injin matsa. Takardar ce ke tsotso tawadar daga cikin tsagogin. Launi kuma da hannu ake sa shi daga baya, takarda bayan takarda. Duk gwajin da ke ƙasa daga wannan hanyar bugu ya samo tushe, saboda haka a riƙe ta.

Waɗannan zane-zane ba don rataya a bango aka yi su ba, shafukan littattafai ne. Daga baya dillalai suka riƙa farke littattafan suna sayar da shafi ɗai-ɗai. Yau a intanet da shagunan kayan tarihi, kwafi ya fi na asali yawa nesa ba kusa ba, wani ma an jiƙa shi da ruwan shayi don ya yi kama da tsoho.

Kayan aiki

Na dubawa: gilashin ƙara girma mai ninki 10, ƙaramar tocila, tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗin jabu da ita, rula mai milimita, fensir da littafin rubutu. In babu gilashin, kyamarar waya za ta yi, muddin ka matso da ita kusa ka jingina hannunka a kan tebur don kada hoton ya girgiza.

Na sharewa: burushi mai faɗi da laushi wanda bai taɓa shiga fenti ba, da farin kilina na roba irin Staedtler Mars Plastic. Kilina mai launi yana barin tabo.

Na ɗaurawa: kwali marar asid, wanda aka yi da auduga zalla in da hali, guda biyu, siririyar takardar Japan, sitacin alkama, takarda mai shan ruwa, ɗan guntun gilashi mai kauri da abin dannewa, ƙaramin burushi, rariya mai ƙananan ido, firem mai zurfi.

Safar hannu ba dole ba ce. Ta auduga ma tana rage jin yatsa, bakin takarda kuma yana maƙalewa a zarenta. Wanke hannu da sabulu, a tsane shi sarai, kada a shafa mai. Biro da kofin shayi su bar teburin.

1. Ɗauka da shimfiɗawa

Shimfiɗa farar takarda mai tsabta a tebur. Zura kwali a ƙarƙashin zanen ka ɗauke shi da hannu biyu. Ɗaukar tsohuwar takarda da yatsa biyu a kusurwa ɗaya shi ke jawo ƙaramin karaya mai siffar jinjirin wata, kuma ba ya gyaruwa. Idan a nannaɗe ya iso, kada ka tilasta shi ya miƙe, musamman da hunturu lokacin da takarda ta bushe ƙayau. Bar shi kwana biyu ko uku ya saki jiki da kansa, sannan ka danne gefunan da abu marar nauyi sosai.

In a cikin firem yake, sai an fitar da shi. Ta bayan gilashi ba a iya yanke hukunci, kuma dillalin da ya ƙi nuna maka hoton bayan takardar ya riga ya gaya maka wani abu.

2. Karanta duk rubutun da ke jiki

Fara da ƙasan zanen. A hagu yawanci za ka ga suna da "del." biye da shi, wato wanda ya zana. A dama suna da "sc." ko "sculp.", wato wanda ya sassaƙa farantin. "Pinx." na nufin wanda ya yi zanen fenti na farko, "lith." kuma na nuna bugun dutse ne, wato wanda aka zana hoton a kan shafaffen dutse aka buga daga gare shi. A sama akwai lambar faranti, da "Tab." ko "Pl." a gabanta, sau da yawa da lambobin Rumawa. Kwafe su duka a littafinka harafi da harafi.

Sunan kifin ma yana ba da shekara. Tsarin sunan Latin mai kalma biyu ya kafu a fannin dabbobi ne da bugu na 10 na littafin Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, a 1758. Zanen da ke ɗauke da suna irin wannan a tsare, da wuya ya girmi wannan shekara. Tsofaffin kuwa sukan zo da dogon bayani a matsayin suna. Haka nan harafin s mai tsawo, wanda ke kama da f, ya fara ɓacewa daga bugu wajen 1800.

Ga littattafan da aka fi cin karo da shafukansu. Na Salviani, wanda aka buga a Rum tsakanin 1554 da 1558, da farantin jan ƙarfe aka yi shi. Na Rondelet na 1554 a Lyon bugun katako ne, hoton yana tsakiyar rubutu. Na Willughby ya fito a Oxford a 1686, shi ne littafin da ya cinye kuɗin Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, har ta kasa ɗaukar nauyin buga babban littafin Newton, sai Edmond Halley ya biya daga aljihunsa. Na Louis Renard ya fito a Amsterdam a 1719, aka sake bugawa a 1754, faranti 100 na kifaye da ƙaguwar tekun Indunusiya. Sai Marcus Elieser Bloch, likita a Berlin, wanda ya fitar da juzu'i 12 da faranti 432 tsakanin 1782 da 1795. Nasa ne aka fi nema, nasa ne kuma aka fi kwafa. Ana gane shafin Bloch da sunan kifi a harsuna da yawa, Latin da Jamusanci da Faransanci da Turanci, da kuma ɗan ƙaramin zanen da ke nuna yankakken tsakiyar kifin a gefe. Bayansu akwai Donovan a Landan daga 1802 zuwa 1808, da Cuvier da Valenciennes a Paris daga 1828 zuwa 1849, juzu'i 22.

3. Nemo shatin faranti

Kashe fitilar ɗaki, ka ajiye tocila a gefen takardar ta yadda hasken zai bi ta samanta a kwance. Matsin injin ya sa bakin farantin ya nutse cikin takarda, ya bar gurbi mai kusurwa huɗu kewaye da hoton. Wannan shi ne shatin faranti. A na gaskiya kusurwoyin sukan ɗan lanƙwasa, takardar da ke cikin shatin ta fi ta waje sumul domin an danne ta, kuma sau da yawa za ka ga ɗan dishi-dishin tawada a bakin gurbin, ko cikinsa ya ɗan fi wajen duhu saboda ragowar tawadar da ba ta gogu ba. Auna tsawo da faɗin shatin da milimita ka rubuta.

Masu farawa sukan yi kuskure iri biyu a nan. Na farko, su ga shati su ce shi ke nan an gama. Masu jabu suna buga hoto da injin zamani sannan su danna faranti marar komai a kai, shati ya fito tsaf, har ya fi na asali kyau. Shatin da ya cika kaifi, babu ko ɗigon tawada a bakinsa, abin zargi ne.

Na biyu, su rasa shati su ce jabu ne. Akwai dalilai na halal da ke hana shi fitowa. Mai ɗinkin littafi kan datse gefe har ya cinye shatin. Bugun farantin baƙin ƙarfe, wanda ya yaɗu daga shekarun 1820, sau da yawa farantin ya fi shafin girma, sai shatin ya faɗa wajen da aka yanke; ƙananan zanen kifin da W. H. Lizars ya sassaƙa a Edinburgh irin wannan bugu ne. Bugun katako da na dutse kuwa ba su da shati tun asali. Kifayen Jonathan Couch na 1862 zuwa 1865 da katako aka buga launinsu, na Pieter Bleeker kuma da dutse. Tsofaffi ne na gaske, sai dai bai kamata a sayar maka da su da sunan sassaƙar jan ƙarfe ba.

4. Sa gilashi a kan layuka

Wannan ne gwajin da ya fi kowanne yanke magana, don haka a ba shi lokaci. Zaɓi wuri mai inuwa, kamar ƙarƙashin cikin kifi ko tushen wutsiya, sannan wuri mai siraran layuka, kamar ƙayoyin baya.

A sassaƙa ta gaskiya kowane layi ɗaya ne ɗungum, baƙi daga farko har ƙarshe. Layin da aka tsaga da tsinin ƙarfe yakan fara siriri, ya kumbura a tsakiya, ya ƙare da tsini kamar allura. Wanda aka ci da asid kuwa kaurinsa ɗaya ne, bakinsa a dakushe, yana ɗan karkarwa kamar rubutun hannu. Yawancin farantan kifi sun haɗa biyun: a fitar da siffa da asid, a ƙarasa ɓawon jiki da inuwa da tsinin ƙarfe. Duhu ba daga toka-tokar tawada yake zuwa ba, daga cunkoson layuka ne masu gicciye da juna, wani lokaci da ɗigo a tsakiyar kowane ido.

Karkato da tocila ka sake dubawa. Tawadar tana zaune a bisa takarda, ta ɗan tashi, layuka masu kauri har inuwa suke yi. A kan rubutun ƙasa, inda babu launi, kana iya shafawa da tsaftataccen yatsa a hankali ka ji ɗan kaushi. Kada ka shafa kan fenti.

Kwafi yana tona kansa a ƙarƙashin gilashi. Bugun madaba'ar zamani yana tarwatsewa ya zama ɗige-ɗige masu tsari, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, suna haɗuwa kamar ƙananan furanni. Na firintar kwamfuta ɗigon ba shi da tsari, kamar an watsa gari. Duba farar takardar da ke kusa da kifin ma: in ka ga ɗigon rawaya a wurin, to tsufan ma buga shi aka yi, har da tabon. Bugun dutse na gaskiya yana da tsakuwa-tsakuwa irin ta alli a kan bango, ba jeri. A bugun katako kuwa tawadar takan taru a gefen layi, layin kuma ya ɗan nutse cikin takarda maimakon ya tashi.

5. Ɗaga takardar a haske

Riƙe ta a kan kwali ka matso da ita bakin taga, ko ka kunna farin allon waya ka zura a ƙarƙashi. Tsohuwar takardar Turai daga tsumman lilin da auduga aka yi ta, ana ɗebo ɓarzajjen tsumman da raga ta waya. Ragar ta bar sawunta: siraran layuka a cunkushe, da wasu masu kauri da ke ratsa su, tazarar santimita 2 zuwa 3 tsakaninsu. A takardar da ta girmi 1800 yawanci akwai ɗan duhu a gefen kowane layi mai kauri, kuma layukan ba su cika miƙewa sak ba. Ta injin zamani da ake kwaikwayo da ita layukanta sun daidaita fiye da kima.

Takarda marar waɗannan layuka James Whatman ne ya fara yin ta a Ingila wajen 1757, kuma ta ɗauki shekaru kafin ta zama ruwan dare. Saboda haka shafin da aka ce na Willughby ne na 1686 amma takardarsa sumul take a haske, ba bugun asali ba ne.

Nemi tambarin cikin takarda. Wanda ya taɓa ɗaga tsohon littafin hannu na malamanmu a haske ya ga jinjirin wata uku, ya san abin da ake nufi. Waccan takardar Italiya ce da ta ratso Sahara. A zanen kifi za ka iya samun fure, ko kambi, ko sunan mai masana'anta. Daga 1794 takardun Ingila sukan ɗauki shekara, kamar "J WHATMAN" da lamba a ƙasa. Shekarar ta yin takarda ce. Bugun ba zai girme ta ba, amma yana iya biyo bayanta da shekaru. Rashin tambari ba laifi ba ne, domin yana iya faɗawa a ɗaya rabin takardar.

Yanzu shiga duhu ka haska tocilar kuɗi na daƙiƙa kaɗan, kada ka kalli hasken kai tsaye. Takardar da ta yi walƙiyar shuɗi-fari kamar sabuwar farar shadda tana ɗauke da sinadarin ƙara haske da aka fara sawa a shekarun 1950. Magana ta ƙare. Tsohuwa dusashewa take yi. Amma rashin walƙiya kaɗai bai isa shaida ba, akwai takardun zamani marasa sinadarin.

Juya bayanta. Bugun faranti daban ake yinsa da rubutun littafi, shi ya sa bayansa yawanci fari ne. Bugun katako irin na Rondelet ne ke da rubutu a baya. Duba gefe ɗaya ko akwai hudojin ɗinki ko ragowar gam, sauran gefunan ko akwai jan fenti ko ruwan zinariya. Duk alamun shafi ne da ya taɓa zama cikin littafi.

6. Launi: na da ne ko na jiya?

Launin hannu ba ya bin layi daidai. Za ka ga inda burushi ya ɗan ƙetare, da inda ruwan fentin ya taru ya bushe da duhun baki. Layukan tawada suna bayyana ta ƙarƙashinsa.

Matsalar ita ce ana samun takarda tsohuwa, bugu tsoho, amma fenti sabo. Littattafai da yawa baƙi da fari aka fitar da su, na Willughby na cikinsu, sai dillalai su sa a shafa musu launi don su fi kuɗi. Ga yadda ake kama wannan. Koren da, wanda ake samu daga tsatsar jan ƙarfe, yana cin takarda a hankali, sai ka ga inuwarsa ruwan ƙasa ta bayan shafin. Sabon kore ba ya yin haka. Sannan duba inda launi ya haɗu da tabo ko yaga ko hudar ƙwaro: in fentin ya hau kan tabon, ko ya zubo ta cikin hudar ya ɓata bakinta, to ɓarnar ta riga fentin zuwa.

Da hasken kwance za ka ga wasu wurare suna sheƙi, musamman ido da sassa masu duhu. Ƙaro ne aka shafa don launin ya yi zurfi, ƙaron dakwara ɗin nan da ake haɗa tawadar allo da shi, wanda Turai ta daɗe tana saye daga Senegal da Sudan. A shafukan Bloch har launin azurfa aka sa don ɓawon kifi ya yi walƙiya, abin da firinta ba ta iya kwaikwaya. A kwafi toka-toka kawai yake fitowa.

Kada ka auna asali da ko launin ya yi daidai da kifin da ke cikin teku. Kifi na fita ruwa launinsa ke gushewa, masu zanen kuma sau da yawa busasshe ko wanda aka jiƙa a barasa suka gani. Bloch bai je tekunan nan masu nisa ba, aiko masa aka riƙa yi, kifayen nasa ma suna nan a gidan tarihin halittu na Berlin. Na Renard sun wuce nan: an yi musu ado da launukan da Allah bai halicce su da su ba, kuma littafin ya haɗa har da zanen 'yar ruwa, rabi mace rabi kifi, da aka ce an kama.

7. Gwada da cikakken littafin

Shafin Biodiversity Heritage Library da Gallica na ɗakin karatun ƙasar Faransa sun ɗora yawancin waɗannan littattafai kyauta. Nemo farantin da lambarsa, ka jera da naka. Duba sunayen ƙasa, wurin da lamba take, da ɓangaren da kifin ke fuskanta. Littafi ɗaya kan fito da girma daban-daban. Na Bloch akwai babban bugu, akwai ƙarami, akwai kuma ɗan mitsitsin da aka yi a Paris a 1801 da sababbin faranti. Duka tsofaffi ne, amma darajarsu ba ɗaya ba ce, a nan ne awon da ka yi a mataki na 3 zai yi amfani. Bambancin milimita biyu ko uku ba komai, takarda mai danshi tana tsukewa in ta bushe.

Akwai kuma bugun baya, wato an ɗauko tsohon faranti an sake bugawa bayan shekaru. Shati na gaske, tawada a tashe, amma siraran layukan sun dushe domin jan ƙarfe yana cinyewa, takardar kuma ba ta zamanin ba ce.

8. Sharewa

Ɗauki hoton gaba da baya kafin ka taɓa komai. Share ƙura da burushi daga tsakiya zuwa waje, kana riƙe da takardar da tafin hannu a kan wata farar takarda. In gefen ya yi dauɗa, goga kilina a jikin magogin kicin mai tsabta ya zama gari, ka zuba a farin gefen, ka murza da yatsa a hankali kana zagayawa. Da garin ya yi baƙi ka share ka zuba sabo. Farin gefe kaɗai. Kada ya hau fenti ko tawada ko rubutun fensir na tsofaffin masu shi. Share garin sarai, gaba da baya.

Iyakar aikin gida ke nan. Ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙasa, waɗanda danshi da ƙwayoyin ƙarfen cikin takarda ke haifarwa, a bar su. Bilic yana kashe tabo yau, ya ruɓar da takarda nan da 'yan shekaru. Ruwa yana narkar da ƙaro ya kwashe launi. Dutsen guga yana gasa takarda. Tsohon salatif da ya manne kada a fizge shi, yana tafiya da fatar takardar. Mafi muni shi ne laminatin, wanda muka saba yi wa takardun shaida: zafi da gam suna shiga cikin zaren takardar, babu mai iya cirewa, kuma zanen ya tashi daga kayan tarihi.

In akwai fumfuna, ware shi daga sauran, ka bar shi ya bushe a inuwa mai iska. Sai ya bushe za a share, a waje, da takunkumi a hanci. Goge fumfuna tana ɗanya cusa ta ciki ne.

9. Dama sitaci

Cokali 1 na sitacin alkama, cokali 5 na ruwa mai tsabta. Jiƙa na minti 30. Zuba a ƙaramin kwanon silba ko na tangaran, ka ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi, kada ya taɓa wuta kai tsaye. Yi ta juyawa minti 20 zuwa 25, har ya tashi daga fari ya koma garai-garai yana sheƙi. Bar shi ya huce ya daskare, ka tura shi ta rariya sau biyu, sannan ka sassauta da ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin kindirmo. A lokacin zafi kwana biyu yake yi, da ya fara tsami a zubar.

In babu sitacin alkama, na shinkafa zai yi. Ko ka fitar da shi da kanka: kwaɓa fulawa da tauri, ka yi ta matsa ta cikin ruwa har ruwan ya yi fari, abin da ya rage mai danƙo ka yar. Bar ruwan ya kwanta, ka tsiyaye na sama, ka sake wankewa sau biyu. Kada a dama fulawar kai tsaye, ƙwari take kira. Sitacin wanki na kanti ma yana da ƙarin sinadarai.

10. Rataya zanen a kwali

Yanke kwali biyu daidai da cikin firem. Na gaba a huda masa taga wadda za ta bar shatin faranti da duk rubutun a fili, da rarar milimita 5 zuwa 10. Kada a datse gefen zanen don ya shiga firem, ko da gefen ya ɗan cinye. Firem ake nema wa zane.

Daga sama kaɗai ake riƙe shi, a wuri biyu. Ja layi da jiƙaƙƙen burushi a kan takardar Japan ka yage, kada ka sa almakashi, domin bakin mai gashi-gashi ba ya barin shati. Kowane yanki faɗin santimita 2, tsawon santimita 3. Kifa zanen, ka shafa sitaci siriri a milimita 6 na ƙarshen yankin, ka jira sheƙin ruwan ya ɗan dushe, ka manna a bayan bakin sama, sauran yankin ya leƙo waje. Ɗora takarda mai shan ruwa da gilashi da nauyi. Canja mai shan ruwan bayan minti biyu, sannan ka bar shi awa ɗaya. Sitaci mai ruwa da yawa shi ke sa wurin ya tattare.

Juyo da zanen, ka daidaita shi a kan kwalin baya, ka rufa tagar ka gani, ka danne shi. Sai ka manna wani yankin a gicciye bisa kowane harshen da ya leƙo, ya kama kwalin, ba tare da ya taɓa zanen ba. Gefuna da ƙasa a sake ake barinsu, domin takarda tana buɗewa da damina ta tsuke da rani. In an manne ta ko'ina sai ta kumbura ko ta tsage. An zaɓi takardar Japan ne don ta fi zanen rauni, in firem ya faɗi ita za ta yage.

Wanda bai samu takardar Japan ba ya naɗe ƙananan aljihuna masu kusurwa uku da takarda marar asid, ya manna su a kwalin, ya zura kusurwoyin zanen ciki. Gam bai taɓa zanen ba ke nan. In kwali marar asid ne ya gagara, a shimfiɗa takardar zane ta auduga tsakanin zanen da kwalin da aka samu, a riƙa canja ta. Katakon filawud da kwalin katan kada su taɓa shi, su ke barin ƙuna ruwan ƙasa a bayan tsofaffin hotuna.

11. Firem da wurin ajiya

Gilashi ba ya taɓa zanen, aikin kwalin taga ke nan. In sun haɗu, raɓa ta taru, ƙaron ya manne da gilashi. Goge gilashin ya bushe sarai kafin a rufe, a toshe bayan firem da takarda mai gam don ƙura da ƙwari. Liƙa ɗan guntun roba a kusurwoyin ƙasa ta baya, iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango.

Gidajen tarihi suna nuna irin waɗannan a haske mai rauni ƙwarai, lus 50 a ma'aunin ƙarfin haske, kuma na 'yan watanni. A gida, zaɓi bangon ciki wanda rana ba ta kaiwa, nesa da kicin da banɗaki da inda ake turaren wuta. Ja da rawaya ke fara kodewa, kuma abin da ya kode ba ya dawowa. Wanda ke da zane mai daraja gara ya rataya kwafinsa, ya ajiye na asalin.

Danshin da ake so kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari. Ya haura 65 fumfuna ta samu gida, abin da ke faruwa a watan Agusta a ɗakin da ba ya shan iska. Hunturu kuma yana busar da takarda har ƙaro ya tsattsage. Akwatin kwali mai murfi yana rage wannan hawa da sauka. A kwantar da zanen a ciki, kowanne da farar takarda marar asid a tsakani, kada a wuce goma zuwa sha biyar a akwati ɗaya. Da damina a sa ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin na cikin kwalin takalmi a kusurwa, ba a kan zanen ba, a riƙa busar da su ana mayarwa. Akwatin ya zauna a kan kanta, aƙalla santimita 15 daga ƙasa, kuma kada ya jingina da bango saboda gara. Kada a fesa maganin ƙwari a ciki. Buɗe shi duk wata uku ka duba kusurwoyi: kashin kyankyaso, ko wurin da fuskar takarda ta kankare kamar an goge ta, alamar ɗan ƙwaron nan mai ruwan azurfa ne da ke bin sitaci.

Abin da ka gano, wato littafi, shekara, lambar faranti, awon shati, tambarin takarda, da wurin da ka saya, rubuta shi a takarda daban ka ajiye tare da rasit. In dole sai an sa lamba a jikin zanen, da fensir mai laushi, a baya, can ƙasan kusurwa, ba tare da dannawa ba.